Kafin Mu Nemi Canji, Mu Auna Hanyoyi: Rubuta Nazarin Yiwuwa a Makarantunmu

Jawabin da kwamitin walwalar malamai ya gabatar a babban taron reshe

 Muna godiya ga reshe da ya ba kwamitinmu wannan dama, muna kuma godiya ga iyalanmu da suka yi haƙuri da mu a ranakun hutun da muka ƙarar wajen wannan aiki.

Za mu fara da wani abin kunya da ya same mu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwanakin baya mu uku muka ɗauki takardar koke zuwa wani ofishi a kan cunkoson yara a azuzuwa. Takardar ta yi shafi biyu, ta cika da kalmomi masu zafi. Jami'in da ya karɓe mu ya karanta ta har ƙarshe, ya ɗago kai ya ce, "To, Malamai, na ji kukanku. Yara nawa ne, ɗakuna nawa ne, kuma me kuke so a yi?" Ɗayanmu ya ce a gina sababbin azuzuwa. Na biyu ya ce a ƙaro malamai. Na uku ya ce a mayar da wasu yaran makarantar da ke maƙwabtaka da mu. Adadin yaran ma kowa da nasa. Jami'in ya yi mana alkawarin za a duba, muka fito. A bakin ƙofa muka dubi juna, kowa ya san cewa mu muka kayar da kanmu.

Gaskiya muka je da ita, amma gaskiyar da ba a auna ta ba. Abin da ya kamata mu riƙe a hannu ranar nan shi ne abin da masu tsare-tsare ke kira nazarin yiwuwa. Rubutaccen bincike ne wanda yake bayyana matsala da alƙaluma, ya jero hanyoyin da za a iya bi a magance ta, ya auna kowace hanya da ma'auni iri ɗaya, sannan ya faɗi wadda ta fi dacewa da dalilin da ya sa. Tambayoyin da yake amsawa kowane magidanci ya san su tun kafin ya ɗora bulo a gidansa: shin abin zai yiwu, nawa zai ci, wa zai biya, yaushe zai ƙare, kuma wa zai cutu. Bambancin kawai shi ne a rubuta amsoshin yadda wani zai iya bin sawunsu ya tabbatar.

Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba sun ga abin da ke faruwa idan kyakkyawar niyya ta riga lissafi. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, wato UPE. Masu tsarawa sun yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Aka rasa ɗakuna, aka rasa bencina, aka koma gindin bishiya, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin cike wannan giɓi. Ba wanda zai musanta alherin da shirin ya kawo, da yawa daga cikinmu 'ya'yansa ne ko jikokinsa. Amma wanda ya ɗauki nauyin kuskuren lissafin shi ne malamin da ya tsaya gaban yaran da suka fi ƙarfin muryarsa. Haka abin yake har gobe: a can sama ake yanke shawara, a cikin aji ake biyan kuɗinta.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana yau shi ne, cunkoso a makarantunmu ya kai inda dole a yi wani abu, kuma maganar raba karatu gida biyu, na safe da na yamma, tana ta yawo a bakin mutane. Idan muka yi shiru, za a zaɓa mana. Idan muka tashi da ihu kawai, za a ce mun ƙi gyara. Hanya ta uku ita ce mu riga kowa zama mu auna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko shi ne a faɗi matsalar ba tare da an cusa maganinta a ciki ba. Idan muka rubuta cewa matsalarmu ita ce rashin sababbin gine-gine, mun riga mun rufe ƙofar kowace hanya in ban da gini. Idan kuwa muka rubuta cewa yara sun yi wa kowane aji yawa har malami ba ya iya duba littafin kowa a mako, kuma rabinsu a ƙasa suke zaune, to mun bar ƙofofi a buɗe. Jimla biyu ko uku sun isa. Duk wanda ya karanta su ya kamata ya yarda da su, ko da daga baya zai saɓa mana a kan mafita.

Mataki na biyu shi ne ƙidaya, kuma nan ne amana take. Rajista tana faɗin abu ɗaya, ido yana ganin wani. Akwai sunayen yaran da suka bar gari, akwai yaran da ke zuwa kullum amma ba a taɓa rubuta su ba. Saboda haka a ɗauki adadin rajista, sannan a ƙirga kawunan da ke cikin aji a ranaku daban-daban: ranar Litinin, ranar Juma'a, ranar kasuwa, da wata rana a tsakiyar damina lokacin da gona ke janye yara. A ƙirga ɗakunan da ake amfani da su da waɗanda iska ta yaye wa kwano. A ƙirga bencina masu lafiya, da ban-ɗaki, da wurin shan ruwa. A ƙirga malaman da ke shiga aji da gaske, a ware waɗanda ke hutun karatu, da masu hutun haihuwa, da waɗanda ritayarsu ta matso. Kowane adadi a rubuta ranar da aka ɗauke shi da inda aka samo shi. Kada mu ƙara ko yaro ɗaya don kukanmu ya yi ƙarfi. Ranar da aka kama mu da ƙari ɗaya, ranar ce sauran alƙalumanmu duka suka zama abin zargi.

Domin maganar ta fito sarari, mu ƙaddara wata makaranta wadda muka ƙaga don misali kawai. Tana da yara 1,200, ɗakunan karatu 12 masu lafiya, wasu 3 da rufinsu ya yaye, malaman aji 19 da shugaban makaranta. Kowane aji ke nan yana ɗauke da yara 100. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami 1 ga yara 35 a firamare. Da wannan ma'auni makarantar tana bukatar ɗakuna 35 da malaman aji 35, wato tana da giɓin ɗakuna 23 da malamai 16. Wannan lissafi tun daga farko yana koya mana tawali'u, domin babu wata hanya ɗaya da za ta cike wannan giɓi a shekara guda. Abin da muke nema shi ne hanyar da za ta fi matsar da mu kusa, da ƙarancin ɓarna.

Mataki na uku shi ne a tsayar da ma'aunai kafin a dubi hanyoyi. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya fara zaɓar doki sannan ya shata filin tsere, to filin zai dace da dokinsa. Kwamitinmu yana ba da shawarar ma'aunai shida: yawan yaran da zai rage a kowane aji, awannin karatun da yaro zai samu, nauyin da zai hau kan malami da iyalinsa, kuɗin da za a kashe da aljihun da zai fito, tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a ga amfani, da kuma ko iyaye da al'umma za su karɓa. A amince da waɗannan a zaman malamai, a rubuta su a littafin taro, a kuma faɗi wanne ya fi nauyi. A ganinmu awannin karatun yaro su ne kan gaba, domin saboda su aka ɗauke mu aiki.

Mataki na huɗu shi ne jero hanyoyin, har da waɗanda ba ma so. Ta farko a kowane nazari ita ce a bar komai yadda yake. Mutane kan yi mamakin ganinta a jeri, amma ita ce sandar da ake gwada sauran da ita, kuma ita ce wadda hukuma kan zaɓa ba tare da ta faɗa ba. Ana ɗaukarta kyauta ce, alhali tana da tsada. Malamin da ke da yara 100, idan zai ba littafin kowane yaro minti 2 kacal, yana bukatar minti 200, wato awa 3 da minti 20, don duba aiki guda a darasi guda. Ba zai iya ba, don haka sai ya rage ba da aikin. Yaron da ke zaune can baya yana iya kaiwa aji shida bai iya haɗa baƙi ba. Idan muka rubuta wannan da lissafinsa, mun nuna cewa zama haka nan ma yana da mai biya, kuma yara ne.

Hanya ta biyu ita ce gini, wadda zuciyar kowannenmu ke karkata gare ta. Mu ƙaddara an gina ɗakuna 6. Makarantar ta koma ɗakuna 18, kowane aji yara kimanin 67. Malamai 19 sun isa, awannin karatu ba su taɓu ba, iyaye za su yi murna. Amma nazari ba ya tsayawa a murna. Akwai fili? Idan ginin zai cinye filin wasa da wurin taron safe, a rubuta. Nawa zai ci? Kada a ƙiyasta da ka. A nemi magini da kafinta su rubuta ƙiyasinsu, aƙalla daga mutum biyu, a sa kwanan wata, domin farashin siminti da kwano ba ya zama wuri ɗaya. A haɗa da kuɗin bencina da allo, don ɗaki ba benci rabin aiki ne.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi a nan: ta wace ƙofa kuɗin zai shigo? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa ilimin matakin farko aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya, ta hannun hukumar UBEC. Amma jiha ba ta samun tallafin ayyuka sai ta ajiye nata kason daidai da shi, sannan hukumar SUBEB ta gabatar da jadawalin ayyukan da za ta yi. Ma'ana, gininmu ba zai tashi ba sai sunan makarantarmu ya shiga wannan jadawali, kuma makarantu da yawa ne ke layi. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. Kuɗin ɗaki da kuɗin malami ba aljihu ɗaya suke ba, kuma ba hannu ɗaya ke sa musu hannu ba. Nazarin da bai san wannan ba zai kai kukansa ƙofar da ba ta da ikon share masa hawaye.

Hanya ta uku ita ce raba karatu safe da yamma. Mu yi mata adalci, ko da yake da yawanmu ba ma ƙaunarta. Ɗakuna 12 sau biyu sun zama azuzuwa 24, kowane aji yara 50. Babu wata hanya a jerinmu da ta rage cunkoso kamar haka, ba ta bukatar bulo ko ɗaya, kuma ana iya fara ta a zango mai zuwa. Wannan ne ya sa take burge masu riƙe da kasafi, kuma idan muka ɓoye wannan amfani, za su gane mun ɓoye. Amma azuzuwa 24 suna bukatar malamai 24, mu kuwa 19 muke da su. Ko dai a ƙaro 5, ko kuwa wasu cikinmu su koyar safe da yamma. Idan na biyun ne, a rubuta su wane ne, da wane alawus, kuma wa ya yi alkawarin biya.

Sannan a dubi agogo. Mu ƙaddara makarantar tana karatu daga ƙarfe 8 na safe zuwa 1 da rabi, awa 5 da rabi ke nan. Idan aka raba, 'yan safe su yi daga 7 da rabi zuwa 12, 'yan yamma daga 12 da rabi zuwa 5, kowane rukuni ya samu awa 4 da rabi. Awa ɗaya ta tafi kullum. A shekarar da ke da ranakun karatu 180, yaro ya rasa awa 180, kwatankwacin ranaku 33, fiye da mako shida na karatu. Shin aji mai yara 50 na awa 4 da rabi ya fi aji mai yara 67 na awa 5 da rabi? Tambaya ce ta gaske, kuma malamai ne suka fi cancantar amsa ta. Abin da ba za mu yarda ba shi ne a yanke hukunci ba tare da an yi ta ba.

Akwai kuma abin da biro ba ya kamawa sai an fita an tambayi mutane. Yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya da yamma, iyaye kuwa idan aka tilasta musu zaɓi tsakanin biyun, mun san ba dukansu ne za su zaɓe mu ba. Karatun rana tsaka ƙarƙashin kwano a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, azaba ce ga yaro da malami. Ranar Juma'a karatun yamma zai ci karo da masallaci. 'Yan mata ƙanana za su riƙa komawa gida dab da magariba. Malama mai shayarwa da mai girkin dare, da malamin da ke rufa wa kansa asiri da gona ko ɗan shago bayan tashi daga makaranta, duk rayuwarsu za ta sauya. Iyalanmu da ke karanta wannan mujalla sun fi kowa sanin abin da yammacin malami yake nufi a gida. Duk waɗannan a rubuta su da natsuwa, a ƙarƙashin ma'aunin da ya dace da su.

Hanya ta huɗu ba ta da kwarjini, shi ya sa ake mantawa da ita: gyara abin da ake da shi da aron abin da ke kusa. Ɗakuna 3 da rufinsu ya yaye, idan aka mayar musu da kwano, makarantar ta koma ɗakuna 15, yara 80 a aji. Mu ƙaddara kuma akwai wata Islamiyya a bayan katanga mai ɗakuna 4 da ke zama a kulle da safe. Idan masu ita suka amince da aro, ɗakuna sun zama 19, kowane aji yara kimanin 63. Ku lura, 'yan'uwa: ƙananan hanyoyi biyu da aka haɗa sun zarce ginin ɗakuna 6 wajen rage cunkoso, da kuɗi kaɗan, cikin ɗan lokaci, ba tare da an taɓa awa ɗaya ta karatu ba. Irin wannan ba ya bayyana ga mai koke, sai ga mai lissafi.

Amma kada farin ciki ya rufe mana ido, domin kowace hanya da ramin da ke cikinta. Ɗakuna 19 da malamai 19 na nufin babu ko mutum ɗaya na ko-ta-kwana. Ranar da malama ɗaya ta tafi haihuwa, aji guda ya zama maraya. Aro kuma aro ne, mai abu yana iya karɓar abinsa a tsakiyar zango. Wa zai gyara tagar da yaranmu suka fasa? Wa zai share ɗakunan kafin masu su su iso? Shin hukuma ta yarda a koyar da yaranta a ginin da ba nata ba? Wannan sashe shi ake kira sashen haɗurra. Ga kowace hanya a rubuta abin da zai iya lalacewa, da yadda za a tare shi, misali yarjejeniya a rubuce wadda mai unguwa da kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wato SBMC, za su shaida.

Game da kuɗi, a raba shi gida biyu a kowace hanya: wanda za a kashe sau ɗaya, kamar kwano da katako, da wanda zai riƙa dawowa kowane wata, kamar albashin ƙarin malamai, alawus, ruwa da gadi. Hanyar da ta yi araha a ranar farko tana iya zama mafi tsada bayan shekara uku. A kuma bayyana kuɗin da ba ya shiga kasafin kowa: kuɗin mota sau biyu ga uban da 'ya'yansa suka rabu safe da yamma, ko sana'ar da malami zai bari. Sau da yawa idan aka ce wani tsari ba ya cin kuɗi, ana nufin an sauke kuɗin ne a kan wanda ba ya wurin taron.

Bayan an tattara duk wannan, a zana jadawali guda: hanyoyi a jere daga sama zuwa ƙasa, ma'aunai daga hagu zuwa dama. A kowane gida a sa adadi idan akwai, ko jimla gajera idan babu. Wasu kan ba da maki daga 1 zuwa 5 su tara. Ba laifi, mu malamai mun saba da maki, amma mun kuma san maki ba ya faɗin komai game da yaro. Idan hanya ta ci maki mafi yawa amma ta faɗi a abu guda da ba a sasantawa a kansa, kamar tsaron 'yan mata ko izinin doka, to ta faɗi. Jadawali yana taimaka wa hankali ne, ba ya maye gurbinsa.

Siffar rahoton kuwa, a sauƙaƙa ta. Shafin farko ya ɗauki komai a taƙaice: matsalar, hanyoyin, shawarar da muka tsayar, da abin da muke so mai karatu ya sa wa hannu. Mu ɗauka cewa babban jami'i wannan shafi kaɗai zai karanta. Bayansa bayanin matsala da alƙaluma, sai ma'aunai, sai kowace hanya a sashenta da tsayi kusan ɗaya, sai jadawali, sai haɗurra, sai shawara. Takardun ƙidaya, ƙiyasin magina, hotunan ɗakuna da bayanin zaman da aka yi da iyaye su zo a rataye. Shafi shida zuwa takwas sun wadatar. A guji zargi da habaici, kada a ambaci sunan kowa da laifi. Idan an rubuta wa hukuma da Turanci, a yi wa iyaye kwafi da Hausa, a karanta musu a taronsu, domin 'ya'yansu ake magana a kai. Shawarar kuma ta zo da wa'adi: a gwada zango ɗaya, a sake ƙirga yara da halartarsu, a zauna a duba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu ga magana mai ɗaci. Nazarin gaskiya yana iya fitowa da abin da ba mu so. A wata makarantar babu ɗakin gyarawa, babu na aro, babu filin gini, kuma lissafi zai nuna cewa raba karatu ita ce hanya mafi sauƙin cutarwa. Idan haka ta faru, kada mu murɗe alƙaluma. Mu faɗi abin da muka gani, sannan mu ɗora sharuɗɗanmu a kai: ƙarin malamai kafin a fara, alawus a rubuce, manyan aji su ɗauki yamma ba ƙanana ba, a daidaita lokaci da Islamiyyun unguwa, a sa ranar da tsarin zai ƙare. Ƙungiyar da ta taɓa cewa "lissafi ya saɓa wa son ranmu, ga shi mun kawo" ta sayi amincin da za ta ci moriyarsa shekaru. Ranar da ta ce wani tsari ba zai yiwu ba, za a saurare ta.

Mun san akwai mai cewa a ransa, wannan ai aikin ma'aikatar ilimi ne, su ke da sashen tsare-tsare, mu da albashinmu ma bai isa ba don me za mu yi musu aikinsu? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce nazarinmu ya sauke wa kowa nauyinsa ba. Bai kuma hana mu neman haƙƙinmu ta duk hanyoyin da ƙungiya ta gada tun kafuwarta a 1931 ba. Amma jami'in da ke kula da makarantu masu yawa ba zai san cewa akwai ɗakuna huɗu a kulle a bayan katangarmu ba, ba zai san ranar kasuwar da ke kwashe mana yara ba. Idan ba mu rubuta ba, za a tsara mana rayuwa da alƙaluman da ba su san mu ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka ga roƙon kwamitinmu. Kowace makaranta a wannan reshe ta zaɓi mutum uku, a cikinsu lalle akwai malama, da wanda hannunsa ya faɗa da lissafi. Su sanar da shugaban makaranta, su nemi goyon bayansa tun daga farko. A mako biyu na farko su yi ƙidaya. A mako na uku su zauna da malamai a tsayar da ma'aunai, su gana da iyaye da kwamitin SBMC. A mako na huɗu su karɓo ƙiyasin magina su cike jadawali. Kwamitinmu zai raba takardar ƙidaya iri ɗaya ga kowa domin alƙalumanmu su yi magana da harshe ɗaya, zai kuma zauna da duk makarantar da ta nemi taimako. Muna roƙon iyayenmu da suka yi ritaya su karanta mana daftarin kafin ya fita, su yi mana jan biro kamar yadda suka saba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna so idan aka sake kiranmu wancan ofishi, aka ce yara nawa, ɗakuna nawa, me kuke so a yi, mu miƙa takarda ɗaya da amsa ɗaya, wadda dukanmu muka yarda da ita.

Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci yaran da aka ba mu amana.